Yadda Za Ka Cinye Tayoyin Motarka Mai Fetur da Lantarki Kafin Shekara Ta Zagayo

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, mota mai aiki da fetur da lantarki, wadda dillalai ke kira haibirid, ta samu shiga. Kamfanin Toyota ya fito da Prius a Japan tun 1997, amma sai da farashin lita ya taɓa mu muka daina kiranta motar marowata. To, Alhaji, ka saya, Allah Ya sanya alheri. Sai dai kuɗin da kake ragewa a gidan mai sun fara taruwa a aljihunka, alhali masu sayar da taya su ma iyali gare su. Ga hanyoyin da za ka bi ka miƙa musu rarar nan ba tare da ɓata lokaci ba.

Na ɗaya: kada kowa ya riga ka tashi a danja

Injin fetur sai ya yi gurnani ya tattaro ƙarfi kafin ya ja mota. Injin lantarki kuwa ba ya jira, da ka taɓa totur yake sakin ƙarfinsa tun mota tana tsaye. Wannan baiwa ce, kada ka yi mata butulci. Da zarar koriyar fitila ta kama, take totur har ƙasa, ka bar masu A Daidaita Sahu suna kallon bayanka.  A kowane irin wannan tashi, tayoyin gaba suna barin ɗan rabonsu a kan kwalta. Idan ka iso shataletale kuma, kada ka sassauta. Batirin motar ya ƙara mata nauyi a kan 'yar uwarta mai fetur zalla, kuma a kwana nauyin nan kan gefen taya yake sauka.

Na biyu: ka bar batun iska a hannun ƙaddara

Nan ne babbar harka. A jikin ginshiƙin ƙofar direba akwai wata 'yar takarda da masu ƙera motar suka liƙa, wadda ta faɗi yawan iskar da ta dace. A Prius da yawa za ka ga wajen 35 a gaba, 33 a baya. Kada ka karanta ta. Me Japanawa suka sani game da hanyoyinmu?

Zaɓi biyu gare ka, kuma duk suna kai wa ga biyan buƙata. Na farko, ka ƙyale iskar. Lafiyayyar taya ma tana rage iska a hankali kowane wata, don haka ba sai ka wahala ba. Idan ta yi laushi za ta riƙa tafiya a kan gefunanta biyu, ta yi zafi, ta ƙara shan mai, gefunan su suɗe tsakiya na nan da saura. Na biyu, ka saurari abokin nan naka da ya ce cika taya tam yana rage shan mai. Ka ce wa mai faci ya ɗura har adadin da ke rubuce a jikin tayar, wanda shi ne iyakar abin da za ta iya ɗauka. Sai ta kumbura, tsakiyarta kaɗai ke taɓa ƙasa, ta yi sanƙo a tsakiya.

Wajen awo kuma, shuri da ƙafa ya wadatar. In ka ga dole sai an sa geji, kada ka auna da safe taya na sanyi kamar yadda aka ce. Bari sai ka kwaso zafin rana daga Zariya zuwa Kano, geji ya nuna iska ta hau, sannan ka sa a sace ta. Gobe da asuba za ka tarar da tayar a kwance.

Na uku: kowace taya ta mutu a inda aka ɗaura ta

A yawancin motocin nan tayoyin gaba ne ke jan mota, su ne ke juya ta, kuma su ne ke tsayar da ita. Idan ka ɗaga ƙafa ko ka taɓa birki a hankali, injin lantarki ne ke riƙe motar yana cajin batir, kuma ta tayoyin gaba yake yin wannan aiki. Littafin mota ya ce a riƙa musanya na gaba da na baya duk bayan kilomita 8,000 zuwa 10,000 don su cinye daidai. Kada ka yarda, wannan shiga hurumin taya ne.

Motar da kanta za ta taimaka maka. Tun da lantarki ke ɗaukar mafi yawan aikin birki, takalmin birki yana daɗewa bai cinye ba. Ka ga ba ka da dalilin zuwa gareji, balle wani makanike mai sa ido ya kwance taya ya ga abin da ke faruwa.

Na huɗu: ka gaisa da kowane rami

Rami ɗaya mai kyau ya isa ya karkatar da saitin ƙafafun mota. Bayan nan sitiyari zai riƙa ja gefe guda. Kada ka je alaimen, ka riƙe sitiyarin da ƙarfi kawai, ai motsa jiki ne. Daɗin abin shi ne sau da yawa ta gefen ciki tayar ke cinyewa, inda ido ba ya kaiwa. Daga waje kamar sabuwa, daga ciki waya ta leƙo. Idan shokazoba ta mutu, bar ta, za ta yi wa tayar tudu da kwari, ka samu kiɗa kyauta a hanya.

Na biyar: lodi

A jikin taya, bayan lambar girma, akwai lambar nauyin da za ta iya ɗauka. Misali, 91 na nufin kilo 615. Batir ya riga ya ci wani kaso na wannan. Ragowar ka cike shi da buhunan masara daga ƙauye, da surukai huɗu a baya, da jarkar manja. In ka ga bayan mota ya durƙusa, alamar albarka ce.

Na shida: idan za ka sake, nemi mafi araha

Tayar da motar ta zo da ita an yi ta ne don ta riƙa gangarawa da sauƙi, mai ya yi auki. Kai dai ka nemi 'yar Beljiyam. In ka yi sa'a za ka samu mai hoton dutse da ƙanƙara a gefe. Wannan tayar hunturun Turai ce, robarta mai laushi ce don sanyi, kuma kwaltar Sakkwato a watan Afrilu ba za ta yi mata da wasa ba. Kada ka duba lambobi huɗun nan na ƙarshe da ke faɗin ranar haihuwarta, inda 2319 ke nufin mako na 23 na shekarar 2019. Jami'an hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC sun daɗe suna gargaɗi a kan tsofaffin tayoyi, amma tambayar shekaru rashin kunya ce.

Na bakwai: zane ado ne kawai

A cikin kwarin zanen taya akwai 'yan tuddai. Idan zane ya suɗe ya yi daidai da su, saura milimita 1.6 ke nan, wato ta gama aiki. Ka ce da sauranta. Kwarin nan shi ke kore ruwa daga ƙarƙashin taya, don haka ka jira damina ta tabbatar maka.

A nan raha ta ƙare, domin abin da ya wuce nan ba na dariya ba ne. Tayar da ta fashe ana gudu, ko ta zame a kan ruwa, ba aljihu kaɗai take taɓawa ba, kuma ba direba kaɗai ke cikin mota ba. Gaskiya ne haibirid ta fi matsa wa taya saboda nauyi da saurin tashi, amma mafi yawan ɓarnar daga ƙafar direba da sakacinsa take fitowa. Ka auna iska da safe ko sau ɗaya a wata, ka musanya tayoyi a kan lokaci, ka je alaimen idan sitiyari ya fara ja, ka tashi a hankali. Masu sayar da taya kuma Allah Ya ba su wani cinikin. Allah Ya kai mu gida lafiya.