Tsofaffin Yauri da tukunyar gaz

Tun da matatar SORAZ ta fara aiki a arewacin Damagaram a 2011, tukunyar gaz mai kilo 6 ta riƙa gangarowa karkara, har ta iso Yauri ɗaure a bayan babur. 'Ya'ya ke aikowa daga birni, wani lokaci har da 'yar na'urar da ke tsala ihu in ta shaƙi gaz. Karɓa dai kowa ya karɓa, ya sa albarka. Wajen kunnawa ake yin ta.

Akwai Hajiya mai adanawa. Ta goge tukunyar tas, ta lulluɓe ta da zane, ta jera ta kusa da kwallayen aurenta. A tsakar gida kuwa duwatsun murhu uku na nan, tana hura kara, ido na hawaye. Ranar da mai aikowa zai zo kaɗai ake fito da ita a dafa shayi.

Akwai Inna mai harshe, wadda ta rantse tuwon hatsin gaz ba ya kama ciki. A gaskiya tana da hujja: tuƙin tuwon mutum goma sha biyar na son tukunya ta zauna daram, kan gaz kuwa muciya na juyawa tukunya na rawa. Ita itace take so, don tana ganin abin da ya rage. "Wutar da ban ga cikinta ba, yaya zan yi mata lissafi?"

Wanda ke tsinka mini zuciya shi ne Baba masani. An faɗa masa gaz ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwantawa, warin nan ma da gangan aka zuba masa don hanci ya ji. An nuna masa a shafa kumfar sabulu a mahaɗar, in ta yi ƙwai to akwai yoyo. Ya gyaɗa kai, ya laluba aljihu, ya zaro ashana.

Sai Kaka, wadda na'urar ta yi wa ihu sau ɗaya tana tsakiyar sallar la'asar. Da ta sallame ta kira jikanta:

"Kai, zo ka cire wa wannan marar kunyar batir."

Batirin yana cikin tocilarta yanzu, kuma ta ce haskensa ya fi na kasuwar Matamaye.