Mu da Kunyarmu, Har Gombak

Akwatin Bahaushiya ba ya ɓuya a filin jirgin Kuala Lumpur. Kuka na ciki, busasshiyar kuɓewa na ciki, ga yaji, ga turaren wuta, ga daddawa an naɗe ta a leda uku don kada ta tona asiri a gaban jami'an kwastan. Ba ma barin komai a gida. Har kunyar nan tamu ta gado, wadda sikelin kamfanin jirgi ba ya aunawa, da ita muke sauka, mu kai ta hawa na goma sha a Gombak ko Taman Melati, mu ajiye ta kusa da tukunyar tuwo.

Kuma a ba mu wata uku kacal, mun haddace gari. Mun san layin da kifi ya fi araha a kasuwar Chow Kit. Mun san shagon da ake rage kuɗin mayafi a Jalan Masjid India, mun san hawan da ake gyaran waya a Low Yat. Amma a tambaye mu inda ake duba lafiyar mama, sai kallon-kallo. Alhali jirgin ƙasan da ke kwasarmu daga Gombak zuwa KLCC ɗaukar hoto, in da za mu yi haƙuri mu zauna, shi ne zai wuce da mu har tashar Universiti, kusa da asibitin koyarwa na Jami'ar Malaya, inda likitoci suka shafe shekaru suna bincike a kan sankarar mama.

Duk watan Oktoba sai an haska manyan gine-ginen birnin da launin hoda, irin su hasumiyar KL, don wayar da kai a kan sankarar mama. Mu kuwa sai mu ci kwalliya mu je mu tsaya a ƙasa, a ɗauke mu, mu tura wa 'yan gida. A wurin wata walimar suna ne wata amarya ta ce ita fa ta ɗauka bikin samun 'yancin ƙasar ake yi. Aka kwashe da dariya. Wata yayarmu da ke digiri na uku a fannin jinya ba ta yi dariyar ba.

"To ku da kuka sani," in ji ta, "wace ce a cikinku ta taɓa tsayawa gaban madubi ta duba kanta?"

Ɗaki ya yi tsit, sai ƙarar cokula. Hajiya, wadda ta zo daga Katsina yi wa 'yarta zaman jego, ita ta fara magana.

"Ke 'yar nan, a bar kiran ciwo. Mu a wurinmu daji ba ya son ƙarfe. Da an soka masa allura, shi ke nan ya fusata."

"Hajiya, Allah ya ƙara girma, ai ba allurar ce ke fusata shi ba. Mace za ta ji ƙullutu tun da azumi, ta yi shiru. Babbar salla ta zo, ta fara shafe-shafe. Sai ya fashe yana wari sannan a kinkime ta zuwa asibiti. In ta cika bayan wata biyu, sai a ce allura ce. Watannin da aka ɓata a ɗaka ba mai lissafa su."

Ta ce yawancin ƙullutun da mata ke ji ma ba daji ba ne, amma yatsa ba ya bambancewa. Abu uku ake haɗawa: likita ya taɓa, a ɗauki hoto (sikanin ga masu ƙuruciya, mamogiram ga waɗanda suka manyanta), sannan a tsakuro ɗan yanki da allura a kai ɗakin gwaji. Wannan tsakuren da muke gudu, shi kaɗai ke faɗin gaskiyar abin da ke ciki.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, ashe masu masaukinmu ma halinmu ɗaya. Rahoton rajistar cutar daji na Malesiya na 2012 zuwa 2016 ya nuna kusan 48 cikin 100 na masu sankarar mama sai a mataki na uku ko na huɗu suke isa asibiti. Wani binciken da ma'aikatar lafiyarsu ta fitar a 2018 ya duba waɗanda suka kai shekara biyar a raye bayan gano cutar: wajen 77 cikin 100 a cikin mata 'yan asalin Sin, amma wajen 58 kawai a cikin Malayawa. Ƙasa ɗaya, asibitoci ɗaya. Likitocin Jami'ar Malaya irin su Farfesa Yip Cheng Har da Farfesa Nur Aishah Taib sun daɗe suna rubutu a kan dalilan: jinkiri, tsoron tiyata, da fara biyawa ta wurin mai maganin gargajiya, wanda su suke kira bomoh. Binciken nan na 2018 ya kuma nuna wadda aka gano nata a matakin farko, kusan 88 cikin 100 na haye shekara biyar ɗin. A mataki na huɗu kuwa 23 ne.

Hajiya ta jinjina kai ta ce, "Ashe su ma da bokayensu."

Da su mana. Mu kuma da yake ba a bar mu a baya ba wajen karɓar baƙon magani, tuni muka ƙara nasu a kan namu. Da can habbatus sauda ce da zuma da garin zogale. Yanzu an samu ƙarin wata ciyawa da ake kira ta Sabah, da ganyen tuwon biri, duk ana tura su a WhatsApp da muryar wata baiwar Allah da ba a san ko wace ce ba, tana rantsuwa ƙanwar maƙwabciyarta ta warke sarai. Ba mai tambayar a wane asibiti aka tabbatar da warkewar. A wannan zauren ne kuma ake gargaɗin kada a sa waya ko kuɗi a rigar mama, wai shi ke jawo daji. Babu hujjar da ta tabbatar da haka. Abubuwan da aka tabbatar ba su da daɗin turawa: ƙaruwar shekaru, tarihin cutar a dangi, ƙiba bayan ɗaukewar al'ada, rashin motsa jiki. Shayarwa tana rage haɗarin, amma ba ta kawar da shi, don haka mai 'ya'ya takwas ma kada ta ce ta tsira. Addu'a da zamzam kuwa ba wanda ya hana. A sha, a shafa, a kuma kama hanyar asibiti.

Daga nan hira ta gangaro kan maza, kamar kullum. Wata ta ce ita ko ta ji wani abu ba za ta faɗa wa Baban yara yanzu ba, yana fama da rubutun kammala digiri, kuɗin tallafin karatu bai shigo ba, ga hayar gida. Wannan ba raha ba ce, gaskiya ce. Ɗan ƙasa ringgit 1 yake biya ya ga likita a asibitin gwamnati, baƙo kuwa ninkin-ba-ninkin, kuma tallafin mamogiram da hukumar LPPKN ke bayarwa ba da mu aka tsara shi ba. Sai dai kuɗin sikanin ɗaya ba ya kama ƙafar kuɗin maganin kemo na watanni, kuma mu ɗin nan da ke tara adashin ankon biki a mako biyu ba za mu gaza tara na hoto ba.

Amarya ta sunkuyar da kai ta faɗi abin da ke ran kowa: "In aka cire, ai aure zai ƙara."

Hajiya ta ajiye kofin shayinta. "Wanda zai ƙara aure, 'yata, da biyunki cif ma zai ƙara. Ki tsira da ranki tukuna."

Dariyar da aka yi har jaririyar sai da ta farka. Yayarmu ta ƙara da cewa in an zo da wuri, sau da yawa ƙullutun kawai ake cirewa a bar maman, a bi da gashin na'ura (radiyoterafi). Cirewa gaba ɗaya ta fi yawa ne ga wadda ta makara. Ta ce maza ma kada su saki baki, kusan ɗaya cikin ɗari na masu cutar namiji ne.

Inda muka fi rauni kuma shi ne bayan magani. Mu in mun je dubiya, da fuskar ta'aziyya muke shiga. "Allah sarki, wance." Sai mu zauna mu jero mata sunayen duk waɗanda ciwon ya kashe a unguwarmu, mu tashi mu bar ta da lemo da fargaba. In gashinta ya zube saboda kemo, a bi ta da raɗa. In ta warke ta fito biki, a yi ta leƙen ƙirjinta ana son gane wanne ne. Ba mai tambayar ko tana shan ƙwayoyin da ake ɗora wasu a kai shekara biyar zuwa goma, ko hannunta na kumbura, ko akwai mai raka ta ganin likita.

Nan kam masu masaukin sun sha gabanmu. Tun 1986 suke da ƙungiyar BCWA a Petaling Jaya, inda matan da suka warke ke zuwa wurin sabbin marasa lafiya, su zauna da su, su nuna musu cewa ga mu nan da ranmu. Suna da ƙungiyar tuƙin kwalekwale mai suna Pink Challengers, dukkansu waɗanda suka yi jinyar ne. Asalin dabarar daga Kanada take: a 1996 wani likita, Don McKenzie, ya sa irin waɗannan mata tuƙi a Bankuba don ya gwada maganar da ake yi cewa aikin ƙarfi zai kumbura musu hannu, aka ga ba haka ba ne. Ƙungiyar yaƙi da cutar daji ta ƙasar, NCSM, tun 1966 take aiki a Kuala Lumpur. A babban asibitin Klang kuma an kafa wata cibiya tare da Cancer Research Malaysia, inda ma'aikatan jinya ke bibiyar mace tun ranar da aka gaya mata sakamako, don kada ta tsorata ta ɓace.

"Mata a kwalekwale?" in ji Hajiya. "To mu ko zagayen gida ne ai ma yi tare."

Shi ke nan abin da ake nema, Hajiya. Ba sai mun yi rajistar ƙungiya da shugaba da ma'aji da rigimar zaɓe ba. Mu da muka iya raka juna kasuwa da awo da gidan suna, rakiyar asibiti ba za ta gagare mu ba. Mai jin kunyar likita namiji ta nemi mace, a garin nan ba su da wuya. Mai tsoron Turanci ko Malayanci ta tafi da wadda bakinta ya buɗe.

Kuma mu tuna yawancinmu gida za mu koma. A ƙiyasin hukumar binciken cutar daji ta duniya na 2022, mata sama da 32,000 ne suka kamu da sankarar mama a Najeriya a shekarar, sama da 16,000 suka rasu. A can, mai neman gashin na'ura sai ta niƙi gari zuwa irin su Shika ko Sakkwato ko Abuja, ta bi layi. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2021 take kira da a riƙa gano aƙalla 60 cikin 100 a mataki na ɗaya ko na biyu, a kuma kammala bincike cikin kwana 60. Wannan ba aikin gwamnati kaɗai ba ne, daga ɗakunanmu yake farawa.

Don haka, 'yar'uwa, kowane wata bayan kin yi wankan tsarki da 'yan kwanaki, ki duba ki kuma shafa har hammata. Ƙullutu, ko kan mama ya shige ciki, ko jini na fita, ko fata ta lotsa ko ta yi kaushi, ko ciwon da ya ƙi warkewa, ko da ba ya zafi, kada ya kwana bakwai ba ki ga likita ba. In kin kai shekara 40, ko akwai mai cutar a danginku, ki tambayi likita batun mamogiram. Maigida kuma, in ta ce maka ta ji wani abu, ka rufe kwamfutar nan ka kai ta. Digirin zai jira.