Masu Hana Furodusa Barci

A kamfanin da ake ƙera gem, ko a Tokyo yake ko a Montreal, furodusa ba ya zane, ba ya kiɗa, ba ya rubuta manhaja. Kalanda ce a hannunsa na dama, jakar kuɗi a na hagu, sana'arsa kuma cewa "a'a" da fara'a. Wanda ya daɗe a kujerar ba ya ɓata lokaci kan takardun makarantar sabon ma'aikaci. Tambaya ɗaya yake yi: cikin tsofaffin wasannin RPG, irin waɗanda mutum ke shiga rigar jarumi ya bi gari-gari yana tara ƙarfi da kaya, wanne ka kwana kana bugawa da ƙuruciya? Daga amsar yake sanin irin maganin ciwon kan da zai tanada.

In aka ce Daggerfall, to Malam Ƙara-Kaɗan ya iso. Wasan nan na Bethesda da ya fito a 1996, ƙasar da ke cikinsa ana kwatanta faɗinta da na Birtaniya, kuma tangarɗar da ke ciki ta kusa kai faɗin ƙasar. Malam Ƙara-Kaɗan faɗin kawai yake tunawa. Saura wata uku a rufe aiki zai leƙo ofis yana murmushi: "Oga, ɗan ƙaramin abu ne. Me zai hana jarumin ya iya kamun kifi?" In ka amince da kifi, gobe sai an yi kwalekwale, jibi kasuwar kifi, gata kuma surukan masunci.

Maƙwabcinsa marubuci ne, kuma ba sai an tambaye shi ba, Planescape: Torment na 1999 yake kwana da shi, wasan da ake ƙiyasta rubutun cikinsa da kalmomi kusan 800,000. An ce masa ya rubuta abin da mai gadin ƙofa zai faɗa, layi biyu. Ya kawo shafi tara, har da yadda mai gadin ya rabu da matarsa. Shi adabi yake gani, furodusa kuwa lissafi: kowace kalma sai an biya mai fassara ta Jamusanci, a biya na Faransanci, a biya mai murya.

Akwai Baba Zamaninmu, wanda kowane taro sai ya tuna wa yara cewa Dragon Quest na farko, na Yuji Horii a 1986, kilobait 64 kacal ya ci a kaset. Gaskiya yake faɗa, shi ya sa ba a son zama kusa da shi.

Wanda ya fi ba furodusa tsoro shi ne mai shiru-shirun nan na lungu, injiniyan manhaja mai bautar Pokémon. Gwarzonsa Shigeki Morimoto ne, wanda ana dab da sakin wasan a 1996, bayan an cire kayan gwaji an sami ɗan gurbi na bait kusan 300, ya lallaɓa ya cusa Mew, dabba ta 151, ba da sanin Nintendo ba. Abin ya zo da sa'a, raɗe-raɗin Mew ya bazu tsakanin yaran Japan, ciniki ya haɓaka. Tun daga nan kowane mai shiru-shiru ke ganin shi ma yana da Mew ɗinsa a aljihu. Ba ya musu a taro, ba ya neman izini. Sai ranar da wasa ya fita, a ji wani yaro a intanet ya gano ɗaki a bayan bango, da hoton kyanwar injiniyan a rataye. Shiru-shiru dai ba tsoro ba ne.

Sai Shahidin Ofis. Shi Chrono Trigger na 1995 ne addu'arsa, musamman labarin Yasunori Mitsuda, matashin da ya ce ko a ba shi tsara kiɗa ko ya ajiye aiki. An ba shi, ya dinga kwana a ofis har gyambon ciki ya kwantar da shi, Nobuo Uematsu ya ƙarasa ragowar. Kiɗan ya yi daɗin da har yau ake saurare, ba musu. Amma Shahidin Ofis gyambon ya ɗauka a matsayin darasin. Yana da bargo a ƙarƙashin tebur, yana kallon mai tashi ƙarfe biyar kamar ɓarawon akuya. A ganina furodusan kirki shi zai kashe masa fitila ya kora shi gida, domin mai aikin ƙarfe ukun dare tangarɗa yake shukawa, wasu su girbe da safe.

Masu girbin su ne 'yan gwaji, kuma a cikinsu ba a rasa jikan Rainz. A 1997, ana gwajin Ultima Online, Richard Garriott, wanda ya ƙirƙiro Ultima, ya shigo da rigar sarautarsa ta Lord British zai yi wa jama'a jawabi, ya manta bai kunna kariyar da ke hana shi mutuwa ba. Wani ɗan wasa mai laƙabin Rainz ya watsa masa wuta, sarki ya faɗi a gaban talakawansa. Jikan Rainz ba ya bin hanya. Ka gina masa fada, shi bango zai yi ta tunkara sau ɗari huɗu har ya faɗa ta ƙarƙashin duniya, ya rubuto rahoto yana murna. Injiniyoyi ba sa jin haushin tangarɗar, shi suke harara. Zomo ai ba ya fushi da makashinsa, sai maratayinsa.

Shi kansa furodusa fa? Final Fantasy ne nasa, kuma ka duba tsohuwar ajiyarsa a Final Fantasy VII na 1997, mai faifai uku. Kwalaben Elixir, maganin da ke cika rai da ƙarfin tsafi gaba ɗaya, suna nan jere bai taɓa ko ɗaya ba. Jaruminsa ya sha faɗuwa a gaban dodanni da magani a jaka, wai ana ajiye wa ranar tsanani. Ya kai ga Sephiroth, babban mugun wasan, ya kashe shi da kyar, sunayen ma'aikata suka hau allo, kwalaben na nan. Haka yake ɓoye mako biyu a kalanda ba wanda ya sani. Malam Ƙara-Kaɗan ya shinshino su ranar Talata, ya ƙwanƙwasa ƙofa: "Oga, game da kifin nan..."