Mai Wanki Ta Hau Gadon Rasha, Ku Kuna Nan Kuna Binciken Asali

Malaman bincike na majalisun Kazaure da Roni! Ku ne idan yaro ya kawo maganar aure, kafin a ji sunan yarinya kun jefo tambaya: 'yar gidan wa ce? Kakarta daga ina ta zo? Har Gwiwa da Babura za a tura ɗan aike a kan babur ya tono tushe. To ku gyara zama, yau ga wata an kawo muku ku bincika.

Sunanta Marta. An haife ta a 1684, 'yar talakawa ce tilis. Iyayenta sun mutu tana ƙarama, wani limamin coci mai suna Ernst Gluck ya ɗauke ta a garin Marienburg, cikin ƙasar Latbiya ta yau, tana yi masa aikin gida. Ba ta yi karatu ba. Ƙabilarta ma har gobe masana na musu a kai. Ta auri wani sojan Suwidin, ba a yi nisa ba sojojin Rasha suka ci garin a 1702, suka tafi da ita cikin ganima, aka ce har wanki ta yi wa sojoji.

Na san hukuncinku, Alhaji: a bar maganar nan, Allah ya haɗa kowa da rabonsa. To rabon ya zo. Daga gidan wani babban bafade, Menshikov, Sarki Bitrus Mai Girma ya gan ta. Ta shiga cocin Rashawa, aka raɗa mata sabon suna, Yekaterina Alekseyevna, wadda duniya ta sani da Katarina ta Ɗaya. Ya aure ta a bainar jama'a a 1712, ya ɗora mata kambi a 1724, da ya mutu a 1725 ta hau gadon da kanta, har ta rasu a 1727. 'Yarta Elizabet ta mulki Rasha daga 1741 zuwa 1762.

Ga Malam can ya taɓe baki: ai wannan sha'anin Turawa ne, su da ba su san asali ba, a ƙasar Hausa ba a taɓa yi ba. Ashe? Malam, ka san Shekara?

Ku mutanen Kazaure ai ba baƙonku ba ne Sarkin Kano Ibrahim Dabo, wanda ya hau gado a 1819, ya yi ta gwabzawa da Ɗantunku, kakan sarakunanku. Har yau idan Bakano ya zo kasuwar Kazaure kuna tuna masa cewa masarautarku ta tsaya da ƙafarta. Madalla. Amma yayin da maza ke ta gwada tsawon mashi, a cikin Gidan Rumfa akwai wata mace da ta ci yaƙin da ya fi wannan ba tare da ta hau doki ba. Masu ba da labari suna cewa 'yar sarautar Daura ce, nan maƙwabtanku, rikicin zamanin ya raba ta da gida, ta shiga fadar Kano a matsayin ƙwarƙwara.

Kundin tarihin sarakunan Kano yana da wata ɗabi'a: in ya ambaci sarki, sai ya faɗi sunan uwarsa. Duba bayan Dabo. Usman, wanda ya hau a 1846, uwarsa Shekara. Abdullahi Maje Karofi, wanda ya gaje shi a 1855, uwarsa Shekara. Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1893, uwarsa Shekara. Ɗaki ɗaya ya riƙe Kano kusan shekara hamsin. Tukur da Alu da suka biyo baya jikokinta ne, Abbas da Turawa suka naɗa a 1903 jikanta ne, kuma daga tsatson Abbas Abdullahi Bayero da Ado Bayero suka fito. Makarantar 'yan mata ta Shekara da ke birnin Kano sunanta ta ci. Wa zai je ƙofar fada ya ce yana son ganin takardar asalinta?

Na ji mai ƙwaƙwa yana cewa ai ka faɗa da bakinka, 'yar sarki ce tun farko, jini ba ya ɓuya. Sannu da dabara! Ranar da aka shigo da ita Kano, da ku ne masu bincike, da kun ce baiwa ce, ku rufe littafi. Sai da 'ya'yanta suka yi rawani kuka tuno da Daura. Haka Rashawa suka yi: da Marta ta zama Katarina, aka nemo 'yan'uwanta daga ƙauye aka ba su sarauta, dare ɗaya suka zama masu asali. Asalin naku kamar tambarin fada yake, sai an naɗa sarki ake jin ƙararsa.

Ban ce a daina bincike ba, kada gobe a ce na raba zumunci. A binciki hali, a binciki tarbiyya, a je asibiti a gwada jini. Amma in ɗan aikenku ya dawo daga Gwiwa ya ce yarinya ba ta da aibu sai dai kakarta ba a san garinsu ba, ku biya shi kuɗin mai, ku sa ranar biki.