Yadda Ruwa Ya Ci Ni a Tsakiyar Hamada

A ɗakin Hajiyarmu a Kano, daidai saman gado, akwai wani hoto mai firam ruwan gwal. Ni ne a ciki, na sha babbar rigar shadda da hula zanna, na dafa ƙofar wani gidan bene a birnin Finiks na jihar Arizona, ina murmushi irin na wanda ya gama da duniya. A 2006 aka ɗauke shi. Zafin ranar ko Sakkwato sai ta sara masa, shaddar ta jiƙe sharkaf, amma sau takwas na sa matata ta sake ɗauka, wai don garejin ya fito sosai.

Dala dubu 280 ne kuɗin gidan, kuma ko sisi bai fita daga aljihuna ba. A lokacin bankunan Amurka rabon bashi suke yi kamar goron ɗaurin aure. Wani banki ya ba ni kashi 80 cikin ɗari, wani ya cike ragowar 20, ni kuwa direban motar kai kayan gini ne. Mutumin da ya haɗa takardun ya ce shekaru biyun farko kuɗin ruwan kaɗan ne, daga nan zai tashi, amma kafin lokacin gidan ya ƙara daraja, sai a sake sabon lale. Na dinga gyaɗa kai kamar malamin jami'a. Limaminmu ya ja ni gefe a kan maganar riba, na zuba masa wani dogon bayani wanda ni kaina ban gane shi ba. Matata kuwa tambaya ɗaya ta yi: "Baban Amira, wannan tafkin ninƙayar da ke tsakar gidan, wa zai shiga?" Kaf zuri'armu babu wanda ya iya iyo. Na ce mata ai tafki ba don shiga ake yinsa ba, don martaba ne.

Hoton yana isa gida na zama Alhaji ba tare da na taka Makka ba. Waya ta fara ruri tun asuba: mai neman jari, mai neman kuɗin lefe, da wani ɗan ƙanen kakata da ya ji labarin ina da ɗakuna huɗu, yana tambayar wanne zan ware masa. Ban hana kowa ba. Mai tafki a gida ya ce babu? Haba.

Sai 2008 ta zo. Wa'adin shekara biyun nan ya cika, kuɗin wata-wata ya yi tsallen kwaɗo. A watan Satumba bankin Lehman Brothers ya durƙushe, ni kuma ina kallon labarin a talabijin ina tausaya wa ma'aikatansa da ke fitowa rungume da kwalaye, ban san nawa kwalin yana hanya ba. Gine-gine suka tsaya cak a Finiks, kuma idan ba a gini, wa zai kai kayan gini? Aka rage mana ranakun aiki, sannan aka sallame mu. Farashin gidaje a garin ya yi ta gangarowa har ya faɗi da fiye da rabi. Maƙwabta suka riƙa kwashe kayansu cikin dare. Na daina sayen maganin tafki, ruwan ya koma kore shar, sauro ya buɗe masarauta a ciki. Ƙungiyar masu gidajen unguwa ta aiko mini da takardar tara saboda ciyawa ta fito a ƙofar gida. Ciyawa, a hamada, ita ma ni ta zaɓa.

Wata dattijuwar Baturiya dillaliyar gidaje ce ta nuna mini mafita. Ta ce maimakon in jira banki ya ƙwace gidan ya yi gwanjonsa, gara a sayar da shi a farashin yau, a roƙi bankin ya karɓi abin da ya samu ya haƙura da giɓin. Ko la'adarta daga kuɗin za a cire, ni dai babu abin da zai shiga hannuna, sai dai sunana ba zai ɓaci kamar na wanda aka ƙwace wa gida ba. A bakinsu sunan abin "gajeren ciniki". Na ji daɗin sunan, na ce mako biyu an gama ke nan. Ashe gajartar ta kuɗi ce, lokacin kuwa wata goma sha ɗaya ya ci.

Sharaɗin farko shi ne in rubuta wa banki wasiƙa in bayyana cewa na talauce. To, kun san Bahaushe. Ko a gadon asibiti ka tarar da shi da ledar ruwa a hannu, ka ce yaya jiki, zai ce da sauƙi. Na zauna na tsara wasiƙa mai shafi biyu. Na gaida manajan da iyalinsa, na ce mun gode Allah muna cikin rufin asiri, sai dai an ɗan samu 'yar tangarɗa wadda insha Allahu ta kusa wucewa. Dillaliyar ta karanta, ta cire tabarau, ta ce idan haka ne me zai hana in ci gaba da biyan bashina? Daren nan matata ta karɓi ragamar. Tana faɗa ina rubutawa, kuma ban taɓa ganin ta cikin nishaɗi irin na ranar ba. "Rubuta an kore ka. Kore, ba hutu ba. Rubuta mun sayar da sarƙata. Rubuta wata uku rabonmu da nama." Na ce, "Maman Amira, har da naman?" Ta ce, "Har da shi."

Daga nan aka shiga zaman tura takardu ta na'urar fakis: shaidar albashi, bayanan asusu, takardun haraji na shekara biyu. Kafin bankin ya duba su sun tsufa, sai a ce in sake turo sababbi. Kiɗan jiran wayarsu har yau ina iya rera shi.

Ana haka aka samu mai saye, ya taya dala dubu 135. Saura bankin ya aiko wanda zai ƙiyasta darajar gidan, don ya tabbatar ba a yi masa rinto ba. Dillaliyar ta gargaɗe ni sau uku: kada in gyara komai, in bar gidan yadda yake. Na ce to. Amma baƙo zai shigo gidana ya tarar da shi a wulaƙance? Na ranto kuɗi na sayi fenti. Na kwana ina kwashe ruwan tafki. Na janyo kujera na rufe tsagewar bango, na shimfiɗa darduma a kan tayil ɗin da ya fashe, na sa aka turara gidan da turaren wuta na Barno. Da mutumin ya zo na tarbe shi da shayi da dabino, cikin babbar rigar nan ta hoto. Ya tambaya ko na'urar sanyaya ɗaki tana aiki, alhali wata biyu ke nan tana tari. Na ce garau take. Har na ƙara masa da cewa duk layin babu gida mai iska kamar wannan. Ya tafi yana yabo, ni kuma na shigo ina baza riga. Bayan mako uku takarda ta iso: bankin ya ce gida mai kyau haka ba zai sake shi ƙasa da dubu 165 ba. Mai saye ya kama gabansa. Da kuɗin rance, da gumina, na ƙara wa gidan da ba nawa ba dala dubu 30. Dillaliyar ta yi shiru a waya har na zaci layin ya katse. Matata ba ta ce uffan ba, ta dai ɗauko ragowar dabinon ta ajiye a gabana a matsayin abincin dare.

Na yi dabarar in sa wani ɗan garinmu ya saya in zauna haya a ciki. Ashe akwai takardar rantsuwa cewa babu wata alaƙa ko ƙulli tsakanin mai saye da mai sayarwa. Wannan ma ta wargaje.

Da aka samu mai saye na biyu, ranar da mai ƙiyasin zai zo an tura ni masallaci tun hantsi, aka ce kada in dawo sai la'asar. Matata ce ta zagaya da shi, ta nuna masa tsagewa, ta kunna masa na'urar ya ji tarinta da kunnensa. Gidan ya tafi a dubu 128. Banki na biyu, mai kashi 20, ya yi ta jan ƙafa kafin ya karɓi ɗan abin da aka yaga masa. Sai kuma na ji cewa hukumar haraji tana lissafa bashin da aka yafe maka a matsayin kuɗin da ka samu. Saura ƙiris in zama attajiri a takarda, ba don wata doka da Shugaba Bush ya sa wa hannu a ƙarshen 2007 ta ɗauke wa masu gidan zama wannan nauyin ba.

Yanzu haya muke yi, ɗaki biyu, babu tafki. Hoton kuwa yana nan a ɗakin Hajiya, tana goge shi duk Juma'a. In Allah ya kai ku gidanmu ta nuna muku shi, don Allah ku ce masha Allah kawai ku wuce.