Saurayi Ɗan Shekara Ɗari da Huɗu

A littafin Twilight na Stephenie Meyer, wanda ya fito a 2005, an haifi Edward, saurayin Bella, a 1901. Har yanzu yana sakandare. Allah ya ba da sa'ar jarrabawa.

Gaskiya marubuciyar ta iya ƙera saurayi. Ba ya tsufa, ba ya barci, balle minshari. Ba ya cin abinci, don haka babu rigimar gishiri ya yi yawa a miya. Aibinsa ɗaya tak: jinin budurwar yake marmari. Amma yaron kirki ne, yana maleji da na dabbobi.

Da dare kuma ta taga yake shiga ɗakinta, ya zauna yana kallonta tana barci. Mahaifinta ne shugaban 'yan sandan garin Forks.