Tumatir Uku a Buhu Goma Sha Biyu

Labarin nan nawa ne, amma kunya ba za ta bar ni in riƙa cewa "ni" ba. Bari mu kira mutumin Malam kawai.

A bazarar 2024, lokacin da masu kayan miya suka koma ƙirga tumatir ɗaya-ɗaya kamar ƙwai, Malam ya dawo daga kasuwar Yankaba da ledar da ba ta kai nauyin wayarsa ba. Ya dire ta gaban uwargida, ya ce daga bana gidan nan ya gama sayen tumatir. Washegari sai ga buhunan siminti goma sha biyu, da ƙasa, da takin awaki, da iri. A Facebook ya ga noman buhu, kuma a bidiyon komai kore shar.

Wani dattijo maƙwabcinsa, wanda ya daɗe yana noman rani a Kadawa, ya leƙo. Aka yi yaya zafi, aka yi lokacinsa ne, sannan idonsa ya faɗa kan buhunan.

"Malam, tumatir? A Afrilu?"

"Baba, ai noman zamani ne."

"To, Allah ya ba da sa'a. Shi dai tumatir sanyi ya sani."

Dattijon bai yi ƙarya ba. Tumatirin Kura da Kadawa da Garun Malam, wanda ake lodawa a Kwanar Gafan zuwa Legas, cikin hunturu ake nomansa da ruwan dam ɗin Tiga, shi ya sa yake cika kasuwa daga Janairu zuwa Maris. Da zarar zafi ya haura digiri 35, furen sai ya bushe ya kakkaɓe bai ƙulla ɗa ba, Kano kuwa a Afrilu har 40 takan taɓa. Ga kuma sharon, tsutsar da ta cinye gonaki a 2016 har aka laƙaba mata ebolar tumatir, ita ma zafin take jira. Wato tsadar da ta koro Malam daga kasuwa, ita ce take gaya masa lokaci ya wuce. Bai ji ba.

Maimakon haka sai ya samu kwali ya tsara abincin mako, ya manna a madafa: Litinin shinkafa da jar miya, Laraba dafa-duka, Juma'a taliya da salak. Uwargida ta karanta tsaf.

"Maigida, kafin su nuna fa?"

"Ki riƙe mu da kuka."

Aka shiga kuka. Safe ɗumame, dare tuwo miyar kuka, ran da aka so canji a kaɗa busasshiyar kuɓewa. Kuɗin cefanen ya koma aljihun mai garuwa, don buhu goma sha biyu a ranar bazara ba sa ƙoshi. Da furanni ruwan ɗorawa suka fito, Malam ya ɗauki hoto ya tura wa dangi kaf, har da surukai. Bayan kwana huɗu ya share furannin da tsintsiya.

Ran wata Juma'a yara suka bar ƙofa a buɗe. Kafin a sauko daga masallaci akuyar maƙwabta ta gama da buhu takwas, tana tsaye kan na tara tana tuƙa. Iskar ruwan farko a watan Yuni ta karya uku. Buhun da ya tsira ya ba da tumatir uku, kowanne kamar kanya.

Duk wannan hidima, babu wanda ya kula da bakin magudanar wanke-wanke, inda uwargida ta taɓa watsa 'ya'yan kabewa. Damina na sauka abu ya tsiro da kansa, ya yaɗo, ya haye katanga. Ta zuba irin yakuwa da alayyafo a fasasshen baho, ba taki ba hoto. Zuwa Satumba kabewa ta kwanta a tsakar gida, wata sai an ɗauka da hannu biyu. Ta juya bayan kwalin Malam ta rubuta kalma ɗaya: taushe. Tumatir ukun nan ma cikinta aka jefa su, autan gidan ya yi ta lalube da cokali bai gamu da ko ɗaya ba.

Da yamma Malam ya rungumi kabewa guda ya kai wa dattijo.

"Baba, yaya ruwa?"

"Ya yi gyara, Malam." Ya jujjuya kabewar, ya ƙwanƙwasa ta da ɗan yatsa. "Kai, madalla. Ita ma a buhu ka yi ta?"